Kwandalar dorina ta Sudan: a narka ta ko a ajiye?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema a kan wani abu da ya shige mini duhu. Mahaifinmu ya rasu wata huɗu da suka wuce, Allah Ya jiƙansa. Da muka buɗe akwatin ƙarfensa don rabon gado, a ƙarƙashin takardun gida muka tarar da wata babbar farar kwandala naɗe cikin tsohon hankici. Gefe ɗaya hoton dorina ne. Ɗaya gefen tsuntsu ne ya buɗe fukafukai, ga sunan Sudan da Larabci, ga shekara iri biyu, 1396 da 1976. An rubuta fam 5. Baba ya zauna a Sudan yana saurayi, amma bai taɓa nuna mana ita ba. Na kai wa wani maƙerin fari, ya ɗora a sikeli ta ba da giram 35, ya ce azurfa ce mai kyau, zai saya a kan awo ya narka ya yi zobba. Babbar yayarmu ta ce a sayar a raba kuɗin kowa ya huta. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Ga hotonta na saka. Wanda ya san irin wannan kuɗi ya taimaka.

Ɗan Maƙera:
Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa Baba, Ya sa ya huta. A gidan ƙira na tashi, don haka ba zan zagi wanda ka kai wa ba, sana'arsa ya faɗa maka. Mu a wurinmu azurfa nauyi ce, hoton da ke kanta ba ya shiga sikeli. Haka kakanninmu suka narkar da dalar nan mai kan mace, ta Mariya Tereza, wadda kowace ɗaya ke ɗauke da shekarar 1780, suka yi mundaye da awarwaro da kayan doki da ita. Amma kada ka yi gaggawa. Abin da ya shiga wuta ba ya dawowa.

Alhaji Mai Kwandala:
Allah Ya jiƙan mahaifinku. Baban Hafsa, don Allah ka janye ta daga hannun maƙeri tukuna. Na san wannan kwandala, ina da 'yar'uwarta ta Tanzaniya. Ba kuɗin kashewa ba ce. A 1974 ƙungiyoyin kare namun daji guda biyu, WWF da IUCN, suka shirya da ƙasashe 24 kowace ta fitar da kwandala uku, biyu na azurfa ɗaya ta zinariya, kowace da hoton wata dabba ta ƙasar da ake jin tsoron ƙarewarta. Galibinsu a Royal Mint, gidan buga kuɗi na Ingila, aka buga su, aka sayar wa masu tarawa, aka ce wani kaso na kuɗin zai tafi aikin kare dabbobin. Sudan ta fitar da nata a 1976, zamanin Shugaba Numairi. Fam biyu da rabi tana da wani tsuntsun fadama mai ƙaton baki wanda Sudanawa ke kira Abu Markub, wato mai takalmi. Fam 5 ita ce taka, dorina. Ta zinariyar fam 100 ce, mariri ne a kanta. Tsuntsun da ka gani a ɗaya gefen tambarin Sudan ne.

Nauyin da ka faɗa ya yi daidai. Azurfarta 925 ce cikin 1000, sauran jan ƙarfe ne don ta yi ƙwari. Ke nan tsantsar azurfar da ke ciki ta ɗan haura giram 32. Ka ninka wannan da farashin giram na ranar da za ka sayar, shi ne ƙasan darajarta, kada kowa ya ba ka abin da bai kai haka ba. Abin da zai hau sama da wannan kuma ya danganta da lafiyar fuskarta.

'Yar Mai Wurno:
Allah Ya jiƙan Baba. Ni a Sudan aka haife ni, a can na yi aure, iyayena da kakannina Hausawan bakin Shuɗin Nilu ne. Wallahi ban taɓa ganin wannan kuɗi a hannun kowa ba, ko a kasuwar Umdurman. Na nuna wa mahaifiyata hoton da ka saka, ta juya wayar ta sake juyawa, ta ce ita dai a zamanin Numairi fam biyar takarda ta sani. Abin ya ba ni mamaki, a ce da sunan ƙasarmu a jiki amma mu ba mu san da shi ba.

Na Damagaram:
Hajiya, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dabba tamu, sunan ƙasa namu, amma mai bugawa Bature, mai sayarwa Bature, mai saye Bature. Ku shiga intanet ku rubuta sunan Nijar da kuɗin azurfa ku ga abin da zai fito. Za ku ga kwandaloli an rubuta musu jaka ɗaya ta sefa, da tambarin ƙasarmu, da hotunan namun daji kala-kala. Ni na shekara arba'in da wani abu a Damagaram ban taɓa riƙe ko ɗaya ba. Kuma kowa ya sani kuɗin da muke kashewa babban bankin BCEAO ne ke fitar da shi, mai hedikwata a Dakar. To waɗannan kuma na wane ne? Kai wa mai shago ɗaya ka ce ya ba ka sukari ka ga yadda zai dube ka.

Alhaji Mai Kwandala:
Na Damagaram, maganarka akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba. Har ma zan ƙara maka. Kwandalar azurfa mai giwa ta Somaliya, wadda masu tarawa ke rububinta duk shekara, a Munich ta Jamus ake buga ta. Daga 1999 zuwa 2003 sunan Zambiya ne a kanta, a 2004 aka sauya aka sa Somaliya, giwar dai ita ce. Ruwanda tana da jeri tun 2008, an fara da goggon birin dutse, wanda lallai nasu ne. Amma a 2016 sai aka sa wata 'yar dabba mai kama da tunku da ake kira miyakat, wadda a kudancin Afirka take zaune, yankin Kalahari, ba a Ruwanda ba. Wannan ya nuna maka mai saye ake kallo, ba dajin ƙasar ba. Wani kamfani a Arizona ta Amurka, Scottsdale Mint, yana buga goggon biri da sunan Kwango, zaki da sunan Chadi, damisa da sunan Gana.

Sai dai ina roƙon a bambance. Ta hannun Baban Hafsa ba cikin wannan sahu take ba. Waccan gwamnatoci ne suka shiga da saninsu, kuma an zaɓi dabbobin da gaske suke ƙasar. Gambiya ta sa dinya da dabgi. Zayar, wato Kwango ta Kinshasa a yau, ta sa goggon biri da okapi, wata dabba dangin raƙumin dawa. Tanzaniya ta sa raƙumin dawa da karkanda. Wanda ya zauna ya zaɓi dabgi, dabbar da ba ta da kyan gani ko kaɗan, ba ciniki kawai yake nema ba.

Na Damagaram:
To Alhaji, kuɗin da aka tara ya hana me? Ku da kanku kun ce don kare dabbobi aka yi.

Alhaji Mai Kwandala:
Bai hana da yawa ba, kuma wannan ne ke sa ni baƙin ciki duk lokacin da na buɗe akwatina. Indunisiya ta sa damisar tsibirin Jawa, mai zane-zane, a kan rupiya 2000 a 1974. Bayan shekara biyu aka yi mata ganin ƙarshe da aka tabbatar, yau babu ita a doron ƙasa. Baƙar karkanda da ke kan shilin 50 na Tanzaniya, a 1970 an ƙiyasta akwai wajen 65,000 a Afirka, kafin tsakiyar shekarun 1990 ba su kai 2,500 ba. Kwandala ba ta tare harsashi. Amma ni abin da ya sa nake riƙe da su, shaida ce. Ranar da jikana ya tambaye ni ko an san damisar nan za ta ƙare, zan ɗora masa ita a tafin hannu in ce an sani, har an buga ta a azurfa.

Jikan Sarkin Baka:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Baban Hafsa. Ni gidanmu gidan farauta ne, kakana ya riƙe sarautar Sarkin Baka, mahaifina ma da kwari da baka ya tashi kafin ya riƙi adaka. Abin da ke damuna da irin wannan magana shi ne duk inda aka ce dabba ta ƙare, sai a waiwayo a dubi maharbi. Maharbin da na sani yana da doka. Ba ya harbin mai ciki, ba ya harbin mai shayarwa, farautar gayya sai an kawar da amfanin gona, da damina daji na hutawa. Mutumin da zai kwana uku yana bin sawun gwanki ɗaya a ƙasa, shi ne zai ƙarar da daji? Tambayata ga Alhaji: a cikin waɗannan kuɗaɗe naku, akwai inda aka taɓa sa maharbi da mutunci, ko kuwa dabba kaɗai ake sawa mu kuma mu zama ɓarayin labari?

Alhaji Mai Kwandala:
Akwai, amma ba irin maharbin da kake nufi ba, kuma nan ne abin ya ɗaure. A Turai farauta ta daɗe tana hannun sarakuna da masu ƙasa. Akwai wani basarake a Hesse-Darmstadt ta Jamus, Ludwig na Takwas, ya yi mulki daga 1739 zuwa 1768. Son farauta ya kai shi har ya sa aka buga masa kuɗi na musamman, na zinariya da na azurfa, wasu da hoton barewar Turai mai ƙaho rassa-rassa, wasu da aladen daji, yana rabawa ga waɗanda suka yi masa hidima a fagen farauta. Yau masu tarawa suna neman su ido rufe. Amma talakawansa ba su ji daɗinsa ba, domin dawakai da karnukan farautarsa da namun da ake tsare masa sun riƙa ɓarnata gonaki, ga bashi da ya tara wa ƙasar. A zamaninmu kuma Hangari ta yi babban baje kolin farauta na duniya a Budapest a 1971, ta sake yi a 2021, babban bankinta ya fitar da kwandalar azurfa don tunawa. Su a wurinsu maharbi mai lasisi abokin gandun daji ne, yana biyan kuɗi, ana ƙidaya masa abin da zai harba.

Sai jerin Afirka ta Kudu da aka fara a 2019, manyan biyar: giwa, zaki, karkanda, damisa, ɓauna. Mutane da yawa suna zaton don girman jiki aka kira su haka. A'a. Turawan farautar nishaɗi ne suka raɗa sunan, su ne dabbobi biyar da suka fi haɗari ga mai bin su a ƙasa da bindiga. Ka ga farauta tana cikin kwandalar ko da ba a zana maharbi ba. Amma maharbi mai kwari da baka, mai kirari, mai rigar layu, ni dai a akwatina babu shi.

Jikan Sarkin Baka:
To ka gani. Wanda ya zo daga wata ƙasa ya kashe don ya rataya kai a bango, sunan da ya raɗa ya hau azurfa. Wanda ya kashe don ya ciyar da gida, ya kori kura daga garke, ya san sunan kowane itace a daji, shi ko ambato babu.

Malama Ta Gandu:
Baba Jikan Sarkin Baka, ina girmama gidanku, kuma na yi aiki da maharba a gefen gandun daji, ba wanda ya kai su sanin sawu. Da yawa daga masu gadin daji na ƙwarai tsofaffin maharba ne. Amma ku yi mini haƙuri in faɗi abin da idona ya gani. Dokar da kuka lissafa ta kakanku ce. Yau akwai masu fita da babura da fitilar goshi da dare, akwai masu sa wa daji wuta don su kori ɓera da zomo, akwai masu zuba guba a mushe su kashe ungulu don sayar da kawunansu. Waɗannan ma maharba suke kiran kansu. In ba ku ne kuka tsawata musu ba, ku masu sarautar abin, ba wanda za su ji maganarsa.

Jikan Sarkin Baka:
'Yata, ban ƙi taki ba. Mai sa guba ba maharbi ba ne, ko a gaban wa zan faɗa. Amma sarautar da kike cewa mu tsawata da ita, wa ya bar mata ƙarfi? Da, kafin a shiga daji sai an sanar da Sarkin Baka. Yau yaro ya sayi bindiga ya hau babur, bai san ma akwai mu ba.

Ɗan Abeshe:
Ku ba ni dama in koma kan maririn da Alhaji ya ambata, wanda ke kan ta zinariyar, domin labarinsa a ƙasarmu ya ƙare, a ƙasarmu kuma ya sake farawa. Mariri fari ne, wuyansa ja-ja, ƙahoninsa dogaye sun lanƙwasa baya kamar takobi. Da yana yawo garke-garke daga Muritaniya har Sudan, Buzaye suna yin garkuwa da fatarsa. Shekaru aru-aru ana farautarsa da doki da raƙumi da kare bai ƙare ba, a nan Baba Jikan Sarkin Baka yana da hujja. Abin da ya gama da shi mota ce da bindiga mai sarrafa kanta, ga fari, ga yaƙin da aka yi a Chadi a shekarun 1980. A 2000 IUCN ta ce babu sauransa a daji, sai a gidajen namun daji da garken masu kuɗi a ƙasashen waje.

A 2016 aka ɗauko rukunin farko a jirgin sama daga Abu Dabi, aka sake su a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim a tsakiyar Chadi. Suka haihu a daji, 'ya'yan suka haihu. A ƙarshen 2023 aka cire shi daga sahun waɗanda suka ƙare a daji. Makiyaya na wannan yanki suna cikin masu ba da labarin inda garken yake. Don haka ni da zan ga ta zinariyar nan, ba zan ce kabari ba ce. A 1976 da aka buga ta mariri yana nan, ya tafi, ya dawo.

Na Damagaram:
Wannan labari ya faranta mini rai, Ɗan Abeshe. Mu ma muna da irinsa. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, a 1996 saura 49 kacal, yanzu sun haura 600, suna kiwo a gefen gonakin mutane. Amma ka lura, ba kwandalar azurfa ce ta cece su ba, mutanen ƙauyukan ne suka yarda su zauna da su. Kuma ni in ana maganar dabba a kan kuɗi, na fi ganin girman dala ɗaya tamu ta sefa. Kan barewa ne a jikinta, haka tsofaffin dala biyu da dala biyar. Wannan kowane yaro ya riƙe ta, ya sayi ƙosai da ita. Ita ce ta shiga hannun masu dajin.

Maman Iman:
Ni kuwa sai yanzu na lura, mu a Najeriya kwabbanmu na 1973 duk amfanin ƙasa ne: auduga, koko, kwakwar manja, dalar gyada a kan kwabo 25, rijiyar mai a kan kwabo ɗaya. Ga giwayen Yankari amma ba su samu shiga ba. Ina da tambaya ta daban. Ina ɗan tara kuɗi, kuma naira kullum zubewa take. Sayen irin waɗannan na azurfa ajiya ce mai kyau?

Alhaji Mai Kwandala:
Maman Iman, ki raba abu biyu. Akwai wadda ake saye don nauyi, akwai wadda ake saye don sha'awa. Ta nauyi yawanci oza ɗaya ce, giram 31.1, azurfa 999, ana buga ta da yawa, kuɗinta kaɗan yake ɗarawa a kan farashin azurfa. Irin su Kuruga ta Afirka ta Kudu mai barewa, wadda aka fara yi da azurfa a 2017, ko ta Ostareliya mai tsuntsun kukabura tun 1990. Ta ƙasar Sin mai hoton dabbar panda ki kula, tun 2016 giram 30 ce, ba oza ba. Ta sha'awa kuwa, mai fenti, mai akwatin katako da takardar shaida, za ki iya biyan ninki uku na azurfar da ke ciki, ranar sayarwa kuma in ba ki sami mai sha'awa irinki ba, sikeli za a ɗora miki. A ƙasarmu masu sha'awar ba su da yawa.

Kuma azurfa ba ta da tabbas kamar yadda ake zato. A Janairun 1980 ta kusa dalar Amurka 50 kowace oza, lokacin da wasu 'yan'uwa attajiran Texas, 'yan gidan Hunt, suka yi ta saye suna tarawa. Kafin ƙarshen Maris ta rushe. A 2011 ta sake kusantar 50, zuwa ƙarshen 2015 tana wajen 14. Kuɗin da za ki buƙata nan da wata shida kada ki sa shi a nan.

Ɗan Maƙera:
In za ki saya, ki tafi da sikelin giram da mayen ƙarfe. Azurfa ba ta kama mayen ƙarfe, in ta manne jabu ce kai tsaye. Amma rashin mannewa bai isa ba, don jan ƙarfe da aka shafa wa ruwan azurfa shi ma ba ya mannewa. Sai ki haɗa da nauyi da faɗi da kauri, domin jabu in ya daidaita nauyi sai ya fi kauri. Sannan ki ɗora ta a kan yatsa ki ɗan taɓa gefenta da wata, ta gaske tana da amo mai tsawo kamar ƙararrawa. Mu a maƙera mukan goga a dutse ko mu ɗiga ruwan gwaji, amma kada a yi wa irin ta Baban Hafsa haka, tabo zai bari.

Malam Na Zaure:
Allah Ya gafarta wa mamacin. An yi magana mai amfani, saura ɓangaren shari'a, tunda gado ne. Na farko, kwandalar nan ta dukan magada ce, ba ta wanda ya fi son ta ba. Baban Hafsa ba shi da ikon ajiye ta don tunawa da Baba sai da yardar kowa, haka yayarsa ba ta da ikon tilasta a narka. Hanya mai sauƙi ita ce a yi mata kuɗi na adalci, wanda ke so ya biya sauran rabonsu.

Na biyu, azurfa tana cikin abubuwa shida da hadisin Ubada ɗan Samit ya ambata. Azurfa da azurfa sai nauyi ɗaya, hannu da hannu. Ke nan in maƙeri ya ce zai ba ka munduwa mai giram 50 a madadin wannan mai giram 35 saboda taka tsohuwa ce, bai halatta ba. In da naira za a saya, a sa farashin da aka yarda, amma a biya a wurin a karɓa a wurin, ba bashi. Maman Iman ma ta riƙe wannan.

Na uku, zakka. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595, wato oza 19 da ɗoriya. Wanda ya tara haka shekara ta zagayo, zai fitar da ɗaya cikin arba'in, kuma ana haɗa ta da sauran kuɗin da mutum ya mallaka wajen cikar nisabi. Alhaji, ina fata akwatin nan ana duba shi duk shekara.

Alhaji Mai Kwandala:
Ana dubawa, Allah gafarta Malam, duk watan Muharram nake aunawa. Amma ina so ku yi mana bayanin hoton, don an sha yi mini magana a kai.

Malam Na Zaure:
Sahabbai sun yi ciniki da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa, kuma duka suna da hotunan sarakunansu. Sai a zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, shekara ta 77 bayan hijira, aka buga dinari mai rubutu zalla. Don haka riƙe kuɗi mai hoto ba a ce komai a kansa ba. Inda malamai suka yi saɓani shi ne a kafe hoton mai rai a bango ko a kabad don ado da girmamawa. Ni abin da nake ba da shawara, a bar ta a akwati, a fito da ita in za a nuna wa yara ko mai saye.

Baban Hafsa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa. Akwai abin da ban faɗa ba tun farko, don ban san yana da muhimmanci ba. Da muka same ta ta yi baƙi-baƙi a gefe. Kafin in kai wa maƙeri sai na sa toka da lemun tsami na goge ta da tsumma har ta yi fari tas. Yanzu da na karanta maganar Alhaji ta lafiyar fuska, na ɗaga ta a rana, na ga ƙananan zane-zane kamar gashi a filin da ke kewaye da dorinar. Na yi ɓarna ke nan?

Alhaji Mai Kwandala:
Kayya. Eh, an yi asara, ba zan ɓoye maka ba. Baƙin nan ba datti ba ne, azurfa ce ke haɗuwa da sinadarin farar wuta da ke cikin iska, kuma masu tarawa sun fi son ta da shi a kan a goge. Zanen da toka ta yi ba ya fita, duk mai saye da ya san abin zai gani da tabarau ya rage kuɗi. Amma azurfarta tana nan giram ɗinta, tarihinta yana nan. Abin da ya ragu shi ne ɗoriyar da ke sama, kuma gaskiya irin wannan ta Sudan ko da lafiyarta ɗoriyar ba ta kai a sayi fili da ita ba. Kada ka ƙara taɓa fuskarta. Ka riƙe ta ta gefe, kada ka ɗaure ta da roba, kada ka naɗe ta a jarida ko leda mai laushi, duk suna ɓata ta.

Malam Na Zaure:
Tunda kafin rabo ka goge, ka gaya wa 'yan'uwanka abin da ya faru, kuma in kai za ka saya, ka yi mata kuɗin da za ta yi da ba a goge ba. Kada ragin ya faɗa kansu.

'Yar Mai Wurno:
Yaya Baban Hafsa, in kun tambayi Mama ko ta san yadda Baba ya same ta, don Allah ka dawo ka gaya mana. Tun jiya nake tunanin abin.

Baban Hafsa:
Na dawo. Jiya bayan isha'i muka zauna a ɗakin Mama, na karanta musu abin da aka rubuta a nan, har da maganar gogewar. Mama ta ce ta san da ita. Wani abokin Baba ne da suka yi zaman Khartum tare, ma'aikacin banki, ya ba shi ita ranar da zai dawo gida, kuma Baba yakan fito da ita duk lokacin da aka ambaci mutumin, daga baya da labarin rasuwarsa ya zo sai ya daina. Mu lokacin muna ƙanana. Yaya da ta ji haka ta ce ta janye maganar narkawa. An amince zan biya kowa rabonsa a kan farashin da ba a goge ba, kamar yadda Malam ya ce, kuɗi a hannu ranar Juma'a. Autanmu ne kaɗai ya ce shi ba zai karɓi kuɗi ba, a bar masa rabonsa a cikinta, ya riƙa zuwa yana gani. Malam, hakan ya yi? Alhaji kuma, wane irin mazubi zan nema?

Malam Na Zaure:
Ya yi. Ku rubuta a takarda cewa kaso kaza nasa ne, mutum biyu su sa hannu.

Alhaji Mai Kwandala:
Ka nemi ɗan gwangwanin roba mai tauri, mai haske, wanda ake yi don kwandala, faɗin milimita 42. Ina da guda biyu da ba na amfani da su, ka yi mini magana ta gefe in aiko maka da ɗaya. Hankicin Baba kuma ka ajiye shi daban, kada ka mayar da ita ciki.